Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Takarda talatin na buga a bakin Kasuwar Dole,
dala biyar kowane shafi,
na ɗaure su da roba, na hau kabu-kabu zuwa Zango.
Dakta Mutari ya ce: Barira, auno mini
yadda zuciyar ma'aikaci ke manne da aikinsa.
Ɗaya, ko kaɗan. Biyar, matuƙa.
Kada ki kawo mini labari, lamba nake so.

Biro ne na ajiya da lamuni, ɗaki shida,
fanka biyu na juyawa, ta uku na nishi.
Darekta ya tarbe ni da ruwan sanyi,
ya ce nan uwa ɗaya uba ɗaya muke,
ya kira sakatariya ta raba takardun,
ya ce ita za ta tattaro mini.
Nan tulun ya tsage, ban ji ƙararsa ba.

Washegari suka dawo a jere,
huɗu, huɗu, huɗu,
kamar sawun akuya a ɗanyen siminti.
Ba mai son biyar, kar a ce fadanci.
Ba mai son biyu, sakatariya ta san rubutun kowa.

Sai na koma gindin bedi, bakin ƙofa,
inda butar Malam Kyari ke tafasa.
Ba ya cikin jerin sunaye, aro shi aka yi daga kamfanin gadi,
aron da ya kai shekara goma sha ɗaya.
Na karanta masa tambaya ta bakwai:
"Ana jin shawarata a wurin aiki."
Ya gyara gawayi, ya ce ɗiyata,
ni na ce masu injin wuta ba zai ga azumi ba.
Bai gani ba.
Da ya mutu, ni aka kira na turo shi waje.
Wannan lamba nawa ce?

Madam Falmata mai ƙirga kuɗi ta zo shan na biyu.
Jan biro uku ne a gaban sunanta watan nan, makara.
"Ina zuwa aiki cike da kuzari."
Ta yi dariya har shayin ya zuba.
Ƙarfe ukun dare famfo ke magana a Garin Malam,
in ya yi shiru sai kwana nawa.
Kuzarina na can cikin jarka bakwai, bayan ƙyaure,
je ki auna.

Mutum ɗaya ne ya cika biyar daga sama har ƙasa,
Tsahiru, shekara uku yana koyon aiki,
kuɗin mai kawai ake ba shi.
Shi ke buɗewa, shi ke kashe fitila.
Littattafaina suna da kyakkyawan suna ga irinsa.
Shi ko cewa ya yi, a hankali, yana duban taga:
ranar da na makara, ɗan ƙanen wani na jiran kujerar.

Ran Alhamis, bayan la'asar,
jaka goma sha biyar ta ɓace a lissafin Falmata.
Ta ƙirga, ta sake, yatsunta na rawa.
Ba wanda ya kira taro.
Wannan ya ajiye jaka, wancan biyu, ya wuce kamar bai gani ba,
sakatariya ma, wadda nake zargi, ta buɗe bakin zanenta.
Kyari ya miƙo dala ɗari ta taga.
Kafin darekta ya dawo masallaci akwatin ya cika.
Na duba tambayoyina ashirin da biyu,
babu inda zan sa wannan.

Da dare na zuba lambobin a na'ura,
ta ba ni huɗu da ɗigo ɗaya.
Dakta ya ce madalla, ma'aikatan suna da himma.
Ranar kare kundi aka tafa mini,
inna ta yi guɗa har bakin titi.

Takarda ɗaya ce ban miƙa ba,
wadda Kyari ya ɗora wa kofinsa ranar nan.
Gindin kofin ya bar da'ira, ja-ja, mai ɗanƙon sukari,
ba a kan ɗaya ba, ba a kan biyar ba,
can gefe, inda na bar fili don stefula.
Tana cikin littafina har yau.
Tururuwa ta same ta sau biyu.